Ku Tambaye Mu: Kayan Aikin Bulog na Kyauta ga Mai Ƙaramin Ƙarfi

Yawancin saƙonnin da suka taru mana a wannan karo daga masu son fara rubutu a intanet ne, waɗanda abin rubutawa yana nan amma kuɗin kashewa babu. Mun haɗa tambayoyin da suka yi kama da juna, mun taƙaita masu tsawo. Sunayen maɓallai mun bar su yadda suke fitowa a fuskar waya, don kada mai nema ya ɓata.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibin aikin gona ne, ina so in riƙa rubutu a kan noman rani da kiwon kaji. Waya kaɗai gare ni. Abokina ya ce sai na tanadi kuɗin hostin da na WordPress kafin in fara. Haka ne? Daga wani ɗalibi, Samaru, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ba haka ba ne, ɗan'uwa. Abokinka ya haɗa abubuwa biyu masu suna ɗaya. Akwai WordPress.org, manhaja ce ta kyauta, amma sai ka yi mata hayar masauki, wato hostin ɗin da ya faɗa maka, kana biya duk wata ko duk shekara, kuma sabunta ta da tsare ta daga masu kutse duk a wuyanka suke. Akwai kuma WordPress.com mai ba da shafi kyauta, sai dai a tsarin kyautar wurin ajiyarka gigabait 1 ne, kamfanin yana sa tallarsa a shafinka ba ka samun ko kwabo, kuma ba ka da ikon ɗora ƙarin manhajojin da ake kira plugin.

Ga mai waya kaɗai, shawararmu ita ce Blogger, wanda Google ya saya tun 2003. Ba a biya, ba a tilasta maka tallar kowa, kuma idan ka samu hali daga baya za ka iya haɗa masa adireshinka na kanka ba tare da ka biya Google komai ba. Ka buɗe blogger.com a Chrome, ka shiga da Gmail ɗinka, ka ba shafin suna, sannan ka zaɓi adireshi, wanda zai ƙare da blogspot.com. A nan ka natsu. Adireshin ya zama gajere, babu lambobi, babu karan ɗori, wanda idan ka faɗe shi a saƙon murya mai sauraro zai rubuta shi daidai ba sai ya sake tambaya ba.

Rigar shafin, wadda suke kira Theme, ka ɗauki ɗaya daga cikin na gida: Contempo, Soho, Emporio ko Notable. Dukansu suna zama daidai a ƙaramar waya. Muna ja maka kunne a kan rigunan da ake rabawa a Telegram da sunan "na kuɗi ne an fasa". Da yawansu an cusa musu ɓoyayyen umarni da ke karkatar da mai karatu zuwa shafin caca, ko ya dasa mahaɗai zuwa wuraren da ba ka sani ba. Kai ba za ka gani ba, masu karatunka ne za su gani, kuma sunanka ne a kai.

Manhajar Blogger ta Android ba ta da dukan saitin, don haka gyare-gyare ka yi su a Chrome, ka kunna Desktop site idan wani abu ya ɓuya. Rubutun kansa ka fara yin sa a Google Docs ko Keep, domin suna aiki ko babu data, kuma ɗaukewar sabis ba za ta cinye maka aikin awa biyu ba. In za ka kwaso shi, ka manna shi a matsayin zallan rubutu: a waya ka zaɓi Paste as plain text, a kwamfuta ka danna Ctrl da Shift da V tare. Idan ba haka ba, rubutun zai taho da tarkacen tsarin Docs, sai ka ga sakin layi ɗaya da manyan baƙaƙe, na biye da ƙanana.

Tambaya: Ina koyar da Hausa a sakandare, na buɗe shafi don ɗalibaina. Haruffa masu ƙugiya suna ba ni wahala: wani lokaci su fito kamar akwati, wani lokaci su bambanta da sauran rubutun. In bar su kawai? Daga wata malama, Katsina.

Amsa: Kada ki bar su, Malama. Ke kin fi mu sanin cewa ƙafa ba kafa ba ce, ɗaki ba daki ba ne, kuma ɗaliban da ke karanta ki da ke za su yi koyi. Matsalar gida uku ce, kowane da maganinsa.

Na farko shi ne bugawa. A waya ki sa Gboard, wato madannan rubutu na Google, ki shiga saitinsa wajen Languages, ki ƙara Hausa. Daga nan ɓ, ɗ da ƙ suna hannunki, ko a fili ko ta danne b, d da k na ɗan lokaci. Microsoft SwiftKey ma yana da Hausa. A kwamfuta mai Windows ana ƙara madannan Hausa daga saitin harshe, akwai kuma Keyman, manhajar kyauta ta ƙungiyar nazarin harsuna mai suna SIL. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke rubuta ƴ a inda mu muke rubuta 'y, su ma za su same ta a waɗannan madannai. Abin da za ki guje wa shi ne tsofaffin salon rubutu da ake sa wa kwamfuta su mayar da wata alama ta zama ƙ. A kwamfutarki za ta yi kyau, a wayar ɗaliba kuma ainihin alamar ce za ta fito.

Na biyu shi ne salon baƙaƙen da rigar shafinki ke amfani da shi. Idan wanda ya zana salon bai zana masu ƙugiya ba, burauza za ta aro su daga wani salo, shi ya sa kike ganin ƙ ta fi 'yan'uwanta kauri ko tsawo. In ba ta samu inda za ta aro ba sai ta sa akwati. Gwajin minti ɗaya ne: ki shiga fonts.google.com, ki rubuta Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ a wurin gwajin rubutu, ki duba salon da ya fito da su lafiya. Noto Sans, Andika, Charis SIL da Gentium duk an yi su ne da harsuna irin namu a rai. Wannan gwajin ki riƙa yin sa a manhajar zane ta Canva ma kafin ki zana hoton kanu, manya da ƙananan haruffa duka, don wani salon yana da ƙ amma ba shi da Ƙ.

Na uku mutane ba su cika lura da shi ba. Blogger yana ƙera adireshin kowane rubutu daga kanunsa, kuma harafi mai ƙugiya kan salwanta a wajen, kalmar ta fito a guntule. Kafin ki danna Publish, ki buɗe Permalink a gefe, ki zaɓi Custom permalink, ki rubuta da baƙaƙe marasa ƙugiya, misali karin-magana-kan-hakuri. A adireshi kaɗai muka yarda a ajiye ƙugiya. Idan kin riga kin wallafa, canzawa sai kin mayar da rubutun Draft, kuma tsohon mahaɗin da kika raba zai mutu, sai kin je Settings wajen Custom redirects kin haɗa tsohon da sabon.

Tambaya: Ina rubuta girke-girke. Masu karatu suna ƙorafin shafina yana da nauyi, yana shanye musu data. Kuma a ina zan samu hotuna na kyauta? Daga wata uwargida, Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Hajiya, kusan kullum hotuna ne masu laifi. Hoton da wayar zamani ke ɗauka yakan kai megabait 3 zuwa 5, faɗinsa wajen fiksel 4000. Idan girki ɗaya yana da hoto shida kuma kin ɗora su a Original size, mai karatu zai iya sauke sama da megabait 20 don ya ga yadda ake dambun shinkafa. Wadda ke lallaɓa data ba za ta dawo ba.

Kafin ki ɗora kowane hoto, ki buɗe squoosh.app, shafin matse hoto, a Chrome. Ki zaɓi hoton, ki kunna Resize ki sa faɗi 1200, ki zaɓi WebP ko MozJPEG, ki bar inganci tsakanin 70 da 75, ki sauke. Yawanci zai dawo kilobait 100 zuwa 200, kuma ido ba zai ga bambanci a waya ba. Abin da ya sa muka fi son Squoosh shi ne a cikin wayarki yake aikin, ba ya tura hoton ko'ina, don haka matsewar ba ta cin data. TinyPNG ma yana da kyau, yana karɓar hoto 20 a lokaci ɗaya, kowane kada ya wuce megabait 5, amma shi sai an tura masa. Gyaran haske da yanke gefe Snapseed ya isa. Bayan kin gama, ki sa adireshin shafin a PageSpeed Insights, wurin auna saurin shafi na Google, ki duba sakamakon ɓangaren waya, zai nuna miki hoton da ya fi nauyi da sunansa. Ki kuma rage tarkacen gefe, irin su agogo, ƙidayar baƙi da waƙa mai kunna kanta.

Game da samun hotuna, Pexels, Pixabay da Unsplash suna bayarwa kyauta, amma da wuya ki samu miyar kuka ko fankasau a can. Wikimedia Commons ya fi su kayan gida, musamman albarkacin gasar Wiki Loves Africa da aka fara a 2014 da jigon abinci. Sai dai yawancin hotunansa suna ƙarƙashin lasisin CC BY-SA, wanda ya wajabta ki rubuta sunan mai hoton da sunan lasisin a ƙasa. Hoton da kika gani a sakamakon binciken Google ko a shafin wata a Instagram yana da mai shi, rubuta "daga intanet" a ƙasansa ba izini ba ne.

A gaskiya, ga mai girki babu kamar hoton hannunta. Ki ajiye kwanon kusa da taga ko a inuwar tsakar gida da hantsi, ki kashe fitilar kyamara, ki goge gilashin da tsumma mai laushi. Ki kashe alamar wuri a saitin kyamarar, don hoto kan ɗauki bayanin inda aka ɗauke shi, kuma a gidanki kike ɗauka.

Tambaya: Wata biyu da buɗe shafina, rubutu goma sha ɗaya, amma ko sunan shafin na rubuta a Google ba ya fitowa. Daga wani mai gyaran waya, Farm Centre, Kano.

Amsa: Malam, fara da duba Settings na Blogger wajen Privacy, ka tabbata Visible to search engines a kunne yake. Idan ka taɓa kwafo wani abu daga bidiyon koyarwa ka zuba a Custom robots.txt, wato umarnin da ke gaya wa injin bincike inda zai shiga a shafin, ka kashe shi. Layi ɗaya da aka rubuta ba daidai ba ya isa ya hana Google shiga shafin gaba ɗaya, kuma wanda Blogger ya zo da shi ya wadatar.

Sai ka buɗe Google Search Console, wurin da ake sanar da Google shafi a kuma ga yadda yake fitowa a bincike, da Gmail ɗin da ka buɗe shafin, ka ƙara adireshinka, ka shiga Sitemaps ka rubuta sitemap.xml ka tura. Kowane sabon rubutu ka sa adireshinsa a URL inspection ka danna Request indexing sau ɗaya. Maimaitawa ba ta ƙara sauri. Yana iya ɗaukar kwanaki, yana iya ɗaukar makonni. A Settings na Blogger ka kunna Enable search description, ka riƙa rubuta wa kowane rubutu bayani da bai wuce harafi 150 ba.

Idan aka fara ganinka, ɓangaren Performance zai nuna maka ainihin kalmomin da mutane suka rubuta suka iso gare ka. Wannan ya fi kowace manhajar kuɗi amfani ga marubucin Hausa, domin za ka ga wani ya rubuta "yadda ake", wani "yanda ake", wani ya haɗa da Turanci. Kanunka ya zama tambayar da abokin ciniki ke yi maka a shago, kamar "Me ya sa waya ke zafi in ana caji", ba "Darasi na uku" ba. Kada kuma ka zauna jiran Google: ka buɗe Channel a WhatsApp, wanda aka fito da shi a 2023, ka riƙa sa layi biyu na rubutun da mahaɗinsa.

Tambaya: Sau uku ina neman AdSense ana ƙi. Wani ya ce zai sayar min da asusun da aka riga aka amince da shi, ya kuma sa ni a guruf ɗin da ake danna wa juna talla. Me kuka gani? Daga wani matashi, Gombe.

Amsa: Kada ka saya, ɗan'uwa, kada kuma ka shiga. Ga abin da mai sayarwar bai gaya maka ba: AdSense, wato tsarin Google na sa talla a shafi ana biyan mai shi, yana da jerin harsunan da yake karɓa, kuma a lokacin da muke wannan rubutu Hausa ba ta ciki. Akwai Larabci, akwai Faransanci, akwai Turanci. Ƙa'idarsu ta hana sa tallar a shafin da yawancin rubutunsa da harshen da ba ya cikin jerin ne. Idan shafinka na Hausa ne, mai yiwuwa wannan ne dalilin ƙin, ba ƙarancin ƙoƙarinka ba. Abin yana mana ciwo, ganin yawan masu karanta Hausa, amma gara ka sani da ka yi ta ɓata wata da watanni.

Asusun saye yana ɗauke da sunan wani da adireshin wani. Idan kuɗi ya kai dala 10 ana aiko da lambar tantancewa ta gidan waya zuwa wancan adireshin, ba a kuma biya sai ya kai dala 100. Wanda ya sayar maka yana iya karɓe abinsa ranar da kuɗin ya taru. Danna wa juna talla kuwa Google yana gane shi daga yanayin dannawar, hukuncinsa rufe asusu da riƙe kuɗin ciki. Ban da wannan, cin kuɗin mai talla ne ba da haƙƙi ba. Akwai wasu kamfanonin talla da ke karɓar kowa ba tambaya, amma ka fara duba irin abin da suke nunawa, domin da yawa caca ce da hotunan da ba za ka so mahaifiyarka ta gani a shafinka ba.

Hanyar da ta fi dacewa da shafin Hausa ita ce ta kai tsaye. Mai shagon da ke sayar da abin da kake rubutu a kai zai iya biyan ka duk wata ka sa hotonsa da lambarsa, musamman idan ka nuna masa alƙaluman Search Console ko Google Analytics. Kada ka nuna masa ƙidayar Blogger ba tare da ka hana ta ƙirga shigarka ba. A Stats akwai wurin da za ka ce kada a ƙirga ziyararka. Kana kuma iya tattara rubutunka masu kyau ka mayar da su ƙaramin littafin PDF a Google Docs, ka sayar ta Selar ko shafin biya na Paystack, waɗanda ba a biyan kuɗin buɗewa, kaso suke cira idan an yi ciniki.

Tambaya: Idan zan kashe kuɗi a kan abu ɗaya tak, a kan me zan kashe? Daga wani ma'aikacin lafiya, Maraɗi.

Amsa: A kan adireshinka na kanka, Malam, wanda ake kira domen. Kayan aro ba ya rufe katara: adireshin blogspot na Google ne, naka kuwa za ka iya ɗauke shi ka koma WordPress gobe, masu karatu su biyo ka ba su ma san an tashi ba. Na Nijar yana ƙarewa da .ne, na Gana .gh, na Najeriya .ng, wanda hukumar NiRA ke kula da shi, kuma .com.ng ya fi .ng zalla araha. Farashin .com yana bin dala. Ka tambayi kuɗin sabuntawa, ba na shekarar farko kaɗai ba, kuma rajistar ta kasance da sunanka da imel ɗinka, ba na yaron da ya taimaka maka ba.

Haɗawa: a Settings na Blogger ka shiga Custom domain, ka rubuta adireshin da www a gabansa, ka danna Save. Zai nuna kamar kuskure ne, ya ba ka layi biyu na CNAME, wato bayanan da ke haɗa adireshinka da shafin. Na farko www ne mai nuni zuwa ghs.google.com, na biyu wasu baƙaƙe ne na shafinka kai kaɗai. Ka kwafe su zuwa saitin DNS a inda ka sayi adireshin. A can ka ƙara wani nau'in layi da ake kira A, guda huɗu: 216.239.32.21, 216.239.34.21, 216.239.36.21 da 216.239.38.21, su ne ke sa adireshin ya buɗe ko ba a rubuta www ba. Ka jira awa ɗaya zuwa kwana ɗaya, ka dawo ka sake Save, ka kunna Redirect domain da HTTPS. Inda aka fi tuntuɓe shi ne barin tsohon layin A ko na www da kamfanin ya sa tun farko. Ka goge shi, in ba haka ba shafin zai riƙa buɗewa yau ya ƙi gobe.

Tambaya: An sace wayar ƙawata, shafinta na shekara uku ya tafi da ita. Ni kuma wani yana kwafe labaraina yana sawa a nasa shafin. Yaya zan kare kaina? Daga wata marubuciya, Gusau.

Amsa: Allah Ya mayar mata da alheri. 'Yar'uwa, shafin ƙawarki bai tafi da wayar ba, yana nan. Mabuɗinsa ne ya ɓata. Da yawa mai shago ne ya buɗe musu Gmail ranar da suka sayi waya, ba su san kalmar sirrin ba, lambar da aka sa ma ba tasu ba ce. Ta fara da dawo da layinta a ofishin kamfanin sadarwa, sannan ta gwada shafin dawo da asusu na Google daga wurin da ta saba shiga.

Ke kuma yau ki shiga myaccount.google.com wajen Security. Ki tabbata lambar waya da imel na dawo da asusu naki ne kuma suna aiki, domin layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani kan ba wani. Ki kunna 2-Step Verification, ki fitar da Backup codes, lambobi ne guda 10, ki rubuta su a takarda ki adana inda kike adana takardun makaranta, ba a cikin wayar ba. Ki buɗe Gmail na biyu, ki gayyace shi a Permissions na Blogger, ki mayar da shi Admin. Kada ki ba wani wannan matsayi don kunya, domin Admin yana da ikon cire ki. Mai taya ki rubutu matsayin Author ya ishe shi. Ki riƙa leƙa asusun na biyu, saboda tun Disamban 2023 Google na iya goge asusun da aka yi shekara 2 ba a taɓa ba. Duk ƙarshen wata ki shiga Settings na Blogger, ki danna Back up content, ki sauke kwafin, ki ajiye ɗaya a katin memori ko filashi.

Mai kwafe miki labari ya taka Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, kuma haƙƙinki ya tabbata tun ranar da kika rubuta, ba sai kin yi rajista ba. Ki ɗauki hoton shafinsa da kwanan wata, ki tura masa saƙo cikin mutunci ki ba shi mako guda ya cire. Idan ya ƙi, Google yana da fom na kyauta na ƙorafin haƙƙin mallaka, inda za ki sa mahaɗin rubutunki da na kwafin, ɗaya bayan ɗaya. In an tabbatar, ana cire shi daga sakamakon bincike, in kuma a Blogger yake ana sauke rubutun. Umarnin hana kwafi da ake sa wa shafi kada ki wahalar da kanki da shi, ɓarawo yana tsallake shi cikin minti ɗaya, mai karatu na gaskiya kaɗai yake takura wa. Abin da ya fi amfani shi ne a Settings wajen Site feed ki mayar da Allow blog feed zuwa Short ko Until jump break, don manhajojin da ke kwashe rubutu kai tsaye su samu farkonsa kawai.